Iya, Wadda Ta Hana a Rufe Ɗana

Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, mai furfura da wanda ko suna ba a raɗa masa ba. Yau kwana arba'in ke nan da aka kai uwar mijina makwancinta a bayan ganuwar Yasore. Na sa ɗana ya ɗauko tawada da takarda, ina faɗa yana rubutawa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ina tsoron damina biyu ta wuce a fara tambayar wace ce ma wannan tsohuwar.

Iya muke ce mata, na gida da na waje. Kwanakin zaman makoki gidanmu bai taɓa cika irin haka ba. Mata sun zo daga Batsari, wasu sun tako tun daga Babban Duhu, har Fulanin bakin dajin Rugu sun zo da ƙoren nono. Kowace ta gaishe ni sai ta jawo wani yaro, ko ta nuna wani ƙato mai gemu can bakin zaure, ta ce, "Kin ga wancan? Hannunta ne." Amma na lura da wani abu. Duk yawansu, kaɗan ne suka yarda suka leƙa ɗakinta. Wata mai goyo da za ta gifta ƙofar sai da ta ja mayafi ta rufe kan jaririnta. Na kuma ji da kunnena wata tana raɗa wa ta kusa da ita, "To, yara sun huta." Ɗayar ta ce, "Ko dai sun shiga uku."

Tsohon wanzamin gari ya yi wa maigidana gaisuwa a zaure, sannan ya ce, "Shekara talatin tana kunyata ni gaban mutane. Allah Ya jiƙanta. Yanzu wa zai riƙe mini hannu in zan yi ɓarna?" Matar maƙeri kuwa, maƙwabciyarmu da danga ɗaya ta raba mu, ita ta roƙa a bar ta ta zuba ruwa lokacin wankan gawa. Daga nan ta jingina da bangon ɗakin Iya kwana uku, ba kuka, ba magana. Zan zo kan abin da ya shiga tsakaninsu.

Iya gajeriya ce, baƙa, hannunta kullum da sanyi ko da tsakiyar bazara. Ba ta bori, ba ta bugun ƙasa, ba ta ɗinka laya. Duk maganinta a ɗan kwando ɗaya yake: ganyen sabara, tsamiya, kanwa, zuma, man shanu. Abin da ta fi kowa shi ne ido da hanci da kunne.

In aka kira ta gidan da yaro ke ciwo, ba ta faɗawa ciki kai tsaye. Takan tsaya bakin ƙofa ta sunkuyar da kai tana sauraro, har masu gida su ƙosa. Ta ce kukan yunwa yana da hutu a tsakani, na ciwon ciki yakan taso da ƙarfi ya lafa, na kunne kuwa ƙaruwa yake in an kwantar da yaro. Akwai wani siriri mai kaifi kamar na ɗan mage, wanda in ta ji shi takan yar da sandarta ta shiga da sauri. Sai ta sa a fito da yaron cikin haske a tuɓe shi. Ta taɓa maɗiga ta ji ko ta faɗa ko ta tasa. Ta ja fatar ciki da yatsu biyu ta saki, ta ga ko za ta koma nan take ko za ta tsaya a tattare kamar ta tsohuwa. Ta ja ƙasan ido ta duba ja ne ko fari, ta duba harshe, ta shinshina baki, ta shinshina tsumman kashi ba ko yamutsa fuska. Ta zuba wa haƙarƙari ido tana jan numfashinta tare da na yaron. In ya yi huɗu kafin ta yi ɗaya, ga ƙasan ƙirji yana lotsawa, sai fuskarta ta sauya. Daga ƙarshe ta sunkuyar da kansa a hankali ta ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji.

Sai ta gama duk wannan take tambayar uwa yaushe ya yi fitsari, sau nawa ya kama nono tun safe. Uba kuwa ba ta tambayarsa komai. Ta ce uba labari yake ji. In 'yan mata ne ko samari masu tasowa, takan kori iyayen, ta zube wa yaron gyaɗa ta ce su ɓare tare, har abin da ke damunsa ya fito da kansa. "Wanda ya fara jin kunya," in ji ta, "ba a tambayarsa ido cikin ido." Takan kuma ce, "Yaro ba ya ƙarya, baki ne bai samu ba." Da wata wadda na fi jin ta a bakinta: "Kuka ba ya ba ni tsoro. Shiru nake tsoro."

Faɗanta da wanzami ya samo asali ne a gidan wani majemi. Ɗansu na wata takwas yana ta zawo da zazzaɓi, aka kira wanzami ya ce beli ne, a cire. Har an riƙe yaron Iya ta shigo, ta ja fatar cikinsa ta ga ta tsaya. Sai ta je ta zauna a kan zabirar wanzami, aska da ƙaho duk suna ƙarƙashinta.

"Iya, tashi mini a kan kayan sana'a," in ji shi.

"Ɗan nan ba shi da jinin da zai ba ka. Ruwan jikinsa duk ya tsiyaye. Ka dawo in ya yi kumatu, ka cire har harshen in kana so."

"Ai mai zawo ba a ba shi ruwa, ƙara masa ake."

"Randar da ke yoyo, daina zuba mata ruwa kake, ka zauna da ƙishi?"

Haka ta zauna har ya gaji ya tafi ba zabira. Ta wuni tana ɗiga wa yaron ruwan kunun gero da ɗan gishiri a bakin ludayi, ya amayar ta dakata ta sake. Yaron nan shi ne mai jima a gidan yanzu.

Amma ba don wannan ake tsoronta ba. Iya tana da wata ɗabi'a da duk ƙasar nan aka sani. In ta duba yaro ta tsaya a tsaye tana ba da umarni, a dafa kaza, a kawo kaza, to akwai rai. In kuwa ta gama dubawa ta nemi tabarma ta zauna, ta ɗora shi a cinya ta fara yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar wadda ke sallamar baƙo, to uwa sai ta fara kuka tun lokacin. Ba ta tashi sai ya cika. Ba ta taɓa cewa yaro zai mutu ba, ta ce wannan ba maganar mutum ba ce. Zama kawai take yi. Kafin abin da zan faɗa kuwa, ban taɓa jin ta zauna a tabarma yaro ya tashi ba.

Ni daga Babban Duhu aka kawo ni gidan ɗanta, kuma har na yi furfura Amarya take ce mini. Ɗiyata ta fari ta yi wata huɗu, tari ya kama ta, Iya ta duba ta zauna. Na biyu namiji ne, ya fara rarrafe, cikinsa ya kumbura idonsa ya yi fari, Iya ta duba ta zauna. Aka fara ce mini mai wabi. Ban taɓa ɗaga ido na kalli uwar mijina ba saboda kunya, amma Allah Ya sani a zuciyata na tsani tabarmar nan da mai zama a kanta.

Na uku yana da shekara biyu ƙyanda ta shigo gari cikin bazara. Ta feso masa, ta koma ciki, bakinsa ya yi gyambo, ya daina karɓar komai. Ran kwana na tara da safe Iya ta fita neman nonon akuya. A ƙofar gida ta tarar da ɗiyar maƙeri, 'yar shekara bakwai, tana wasan 'yar carafke da tsakuwa ita kaɗai. Yarinyar ta riga ta yi ƙyandarta tun bara, lafiyarta lau. Iya ta tsaya tana kallonta. Ta kira ta, ta taɓa goshinta, ta ɗaga mata zane ta duba ƙwauri, sannan ta leƙa ta kan danga ta kira uwar. Ina tsakar gida ina ji.

"Ki shigar da ɗiyar nan inuwa. Yau kada ki bar ta ita kaɗai. Ki aika a kira ubanta daga maƙera."

"Mi ya same ta? Ɗan ciwon kai ne ta ce da safe."

"Na dai gaya miki, ki riƙe ta a jikinki."

"Iya, ki ji da naku da ke kwance," in ji matar maƙeri, ta koma kan turminta.

Iya ta dawo da nonon, ta karɓi ɗana ta duba shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta jawo tabarma ta zauna. Na zube gabanta na kama ƙafarta, kunya ta bar ni, na ce, "Iya, don Allah ki tashi. Wannan kaɗai ya rage mini." Ta gyara masa kwanciya a cinyarta. Hantsi na ɗagawa yaron ya yi wata 'yar shaƙuwa ya saki jiki. Na taɓa shi, sanyi. Maigidana ya shigo ya ɗaga hannun yaron ya saki, ya faɗi yaraf. Ya yi salati ya fita ya gaya wa liman, samari suka ɗauki gatari da fartanya suka nufi bayan ganuwa. Saboda zafin rana aka ce a yi sauri a rufe shi da an sauko azahar.

Ina kwance ina kuka na ga Iya ta kara kunne a ƙirjinsa. Ta daɗe. Ta ciro zaren auduga daga abawar da nake kaɗi ta ɗora a hancinsa ta zuba masa ido. Can sai ta dafa bango ta miƙe tsaye da yaron a kafaɗa.

Da aka gama haƙa, maigidana ya shigo da ɗan ƙyallen likkafani, liman na bakin zaure yana jira.

"Iya, kawo shi a yi masa sutura."

"Ba ya buƙata tukuna."

"Iya, ya cika tun hantsi. Kowa ya gani."

"Kowa ya gani, wa ya saurara?"

Liman ya ɗaga murya daga zaure, cikin ladabi, ya ce, "Iya, haƙƙin mamaci ne a gaggauta shi. Kada son jika ya sa ki ja da hukuncin Allah."

"Malam, yara nawa na miƙa maka da hannuna, ka taɓa jin na yi gardama? In na Allah ne, la'asar ma tana hannunSa. Ku ba ni zuwa la'asar."

Maigidana ya matso zai karɓa. Ta dube shi, ɗan farinta da ko sunansa ba ta faɗa, ta ce, "In ka taɓa shi, ban yafe maka nonona ba." Ya ja da baya, ya fita da likkafanin a hannu.

Tun daga lokacin har rana ta karkata tsohuwar nan ba ta zauna ba. Ta kwance zanenta ta manna yaron a fatar ƙirjinta, tana tsoma yatsa a ruwan zuma tana shafa masa a dasashi, tana zagaya tsakar gida a hankali. Na kawo mata kujera ta ture da ƙafa, ta ce in ta zauna za su karɓe shi. Garin ya yi tsit, irin shirun tsakar ranar bazara da ko kaza ba ta motsi. Mata sun taru a bakin ƙofa suna kallo, ba wadda ta shigo. Ni kaina na ɗauka tsufa ne ya taɓa ta, gawa take yawo da ita.

Ladan ya ɗaga murya zai kira la'asar, sai na ji wani ɗan sauti a kafaɗarta kamar ƙarar ƙyauren kara. Yaron ya motsa yatsu, ya buɗe baki ya yi kuka. Kukan bai kai ƙarshe ba wani ihu ya tashi daga bayan danga. Tare na ji su, har yau ba na iya raba su a kunnena. An tsinci ɗiyar maƙeri kwance a turɓaya gindin bishiyar bedi, tsakuwoyinta a hannu, ba rai.

A kabarin da aka haƙa wa ɗana aka rufe ta kafin magariba. Sai da aka ƙara masa tsawo. Wanda aka haƙa dominsa kuwa shi ne ke riƙe da alƙalamin nan. Ya dakata yana kallona, na ce masa ya rubuta yadda na faɗa.

Kafin kwana uku magana ta gama gari: Iya mayya ce, ta fanshi jikanta da kurwar ɗiyar mutane. Ba ita ta kira ta ta taɓa ta da safe ba? Maƙeri ya kai ƙara gun maigari. Liman, Allah Ya saka masa, ya ce shari'a ba ta hukunci da zato, Iya ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani, aka sallame ta. Amma rantsuwa ba ta wanke ta a zukata ba. Aka daina kiranta. In ta fito, iyaye mata su janye 'ya'yansu daga hanya. Duk yaron gari an rataya masa tafarnuwa a wuya, maganin mayu.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ma na ɗaura wa ɗana, na ɓoye a ƙarƙashin riga. Ina murna ya rayu, ina kuma tsoron hanyar da ya rayu. Mai hanci irin na Iya ba a ɓoye mata tafarnuwa. Ta ɗauke shi wata safiya, ta shinshina, ta miƙo mini shi ta ce, "Amarya, ki riƙa naɗe ta a tsumma. Tana ƙona masa fata." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Sai da shekara ta zagayo na iya tambayarta. Muna bakin rafi mu biyu muna wankin tsummoki, na ce ba tare da na dube ta ba, "Iya, mi kika gani a jikin ɗiyar maƙeri?"

Ta ce, "Ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ƙwauri. Na danna ba su gushe ba. Sau uku na taɓa ganinsu kafin nan, ba wanda ya kai magariba. Ban san sunan ciwon ba, ba ni da maganinsa. So nake uwarta ta riƙe ta, kada ta tafi a kan turɓaya."

Ta ci gaba da wanki, sannan ta ba ni labarin da ko ɗanta bai sani ba. Tana 'yar shekara tara mahara daga Maraɗi suka faɗo wa garinsu da hantsi. Mata da yara suka gudu cikin duwatsu suka shige wani kogo. Uwarta ta miƙa mata ƙanenta na goye, ta koma neman wani. Ana jin dawakai a ƙasa yaron ya fara kuka, wata tsohuwa ta ce ta toshe masa baki ko a kwashe su duka. Ta toshe. Da maharan suka wuce ta ɗaga hannunta.

"Yana jikina, Amarya, ƙirjinsa a kan nawa, ban san lokacin da ya tafi ba. Da na sani da na sassauta yatsa ɗaya. Tun ranar nake sauraro."

Na ce, "To kabarin fa, Iya? A haƙa wa wannan, a sa waccan, rana ɗaya?"

Ta matse tsumman da ke hannunta ta shanya a kan dutse. Ta ce, "Ni ma ina tunanin kabarin nan."

Shekara huɗu matar maƙeri ba ta yi mata magana ba. In sun haɗu a rijiya sai ta tofar da yawu ta juya. A ta biyar ta haifi namiji ɗan bakwaini, kamar ɓera, kowa ya ce ba zai yi ba. Kullum da safe Iya takan je ta tsaya jikin danga ta ɓangarenmu, kai a sunkuye, tana sauraron kukansa. Sai ta kira ni ta ce, "Je ki ce a daina yi masa wanka da safe, a shafe shi da man shanu, ta sa shi cikin zanenta a jikin fata. Ki ce ke kika ga ana yi a garinku." In je in faɗa. Gobe kuma ta ce, "Yau muryarsa ta dushe, ba ya samun nono. Ta tatsa ta ɗiga masa." Wata guda muna haka. Ran nan na shiga da saƙo, matar maƙeri ta dube ni ta ce, "Garinku nan akwai sani. Ki ce mata ta shigo da ƙafarta." Iya ta shiga, ta duba shi, ta tsaya a tsaye tana ba da umarni. Matar ba ta taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Daga nan mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, wasu da tafarnuwar a wuyan yaran.

A shekarunta na ƙarshe kunnen ya mutu. Sai an kara baki an ɗaga murya take ji. Ta ce Allah Ya karɓi aronSa. Ni nake duba yaran, tana gefe tana gyara mini da ido. Cikin daminar bana ta kwanta ciwo, har ta kai ko juyawa ba ta iyawa sai na juya ta.

Ranar da za ta rasu kaka ce, duk gari an watse gona yankan gero, gidan daga ni sai ita sai kaji. Rana ta take tsaka ina mata fifita, sai ta buɗe ido.

"Amarya, ba ki ji?"

Na kara baki a kunnenta na ce, "Mi, Iya?"

"Jariri. Can gabas, bayan rijiya. Kukan nan ba shi da kyau."

Na kasa kunne. Ban ji komai ba sai kurciya a kan tsamiya. Na ce mata ba kowa, ta kwanta. Ta kama wuyan hannuna da hannun nan nata mai sanyi, da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

"Tashi ki je."

"Iya, ba zan bar ki ke kaɗai ba. Numfashinki ya sauya tun safe."

"Ashe kin iya," in ji ta. "Ni na san inda nake. Shi bai sani ba. Je ki."

Na ɗauki kwandonta na fita. Na wuce rijiya ina leƙa gidaje, duk ba kowa, har na kai gidan ƙarshe jikin ganuwa, nisan da ko mai lafiyar kunne ba zai jiyo ganga ba. Na tarar da wata yarinya mai jegon fari, kwana biyar da haihuwa, zaune a tsakar gida. Gwaggonta da ke kula da ita ta bi masu yankan gero, ita kuma kunyar ɗan fari ta hana ta gaya wa kowa yaron ba ya kama nono tun jiya. Na shiga ɗaki na fito da shi haske. Jiki zafi, maɗiga ta faɗa, leɓe a bushe, yana buɗe baki ba abin da ke fita. Na duba uwar, nonon ya yi tauri kamar dutse, ba inda zai kama. Na dafa ruwa na gasa mata, na tatsa a ludayi na yi ta ɗiga masa. Kusan la'asar ya kama da kansa.

Ina ɗaure kwando na tambaye ta tun yaushe yake ta kuka haka. Ta ce, "Wane kuka, Inna? Ai tun asuba muryarsa ta ɗauke."

Da gudu na koma, ni da furfurata. Na tarar da Iya kwance a gefenta na dama tana fuskantar alƙibla, ita da ta yi wata guda ba ta iya juya kanta. Idonta a rufe, bakinta a rufe. Hannunta na hagu a lanƙwashe yake a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, da ƙyar muka miƙar da shi wajen wanka. Na kara kunne a ƙirjinta na daɗe. Na sa auduga a hancinta na jira har masu gona suka fara dawowa. Ba ta motsa ba.

An raɗa wa jaririn suna muna kwana biyu da zaman makoki. Jiya uwar ta kawo mini shi, ya yi kumatu.

Yaran mutane da ba su ƙirguwa sun cika a cinyar matar nan, ita kuwa ba wanda ya riƙe mata hannu, kuma ita ta kore ni. Duk wanda takardar nan ta kai gare shi, ya yi mata Ƙulhuwallahu. Allah Ya yalwata mata makwanci, Ya yafe mata abin da hannunta ya yi tana 'yar shekara tara, Ya yafe mana abin da muka zata a kanta, ni ce ta farko. Amin.